"Kada ku yi tambaya saboda lamiri": lamirin wa Bulus yake nufi?

Ladi:
Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwa. Masu Helenanci a cikinmu ku taimaka mini da 1 Korintiyawa 10:25. Bulus ya ce duk abin da ake sayarwa a kasuwar nama a ci, kada a yi tambaya saboda lamiri. Yadda nake jin ana bayaninsa kullum shi ne, kada ka tambaya, don in ka tambaya aka ce maka daga wurin gunki naman ya fito, lamirinka zai dame ka. To wannan ba rufe ido da gangan ba ne? In abin haram ne, ƙin tambaya ba zai halatta shi ba. In kuma halal ne, me zai sa lamiri ya damu bayan an sani?

Haruna:
An ce matambayi ba ya ɓata, ga shi Manzo ya ce a yi shiru a ci. Malam Istifanus, wannan taka ce.

Malam Istifanus:
Sannu Ladi. Ga jimlar yadda take: pan to en makello poloumenon esthiete, meden anakrinontes dia ten suneidesin.

Mu fara da kalmar da aka mayar "tambaya", wato anakrino. Tana da nauyi fiye da tambayar hira. Kalmar gaban alƙali ce, tuhuma da bin diddigi. Ita ce a bakin Bilatus a Luka 23:14 da ya ce ya tuhumi Yesu a gabansu bai same shi da laifi ba. Ita ce Hirudus ya yi wa masu gadi bayan Bitrus ya fita daga kurkuku, Ayyukan Manzanni 12:19. Mutanen Biriya ma ita suka yi wa Littattafai kowace rana a 17:11. Sau 16 ta fito a Sabon Alkawari, 10 daga ciki a wannan wasiƙa kaɗai, domin Korintiyawa masu son kafa wa mutum shari'a ne, har shi Bulus ɗin ba su ƙyale ba. Dubi 4:3 da 9:3.

Sai dia ten suneidesin, "saboda lamiri". A nan gardamar take, kuma ta nahawu ce. Za ka iya rataya shi a kan hanin gaba ɗaya: kada ku bincika, dalili kuwa don ku kāre lamirinku. Wannan ita ce fassarar da ta dame ki. Za ka iya kuma rataya shi a kan binciken kansa: kada ku yi binciken da lamiri ke sa mutum ya yi, domin babu maganar lamiri a nan tun farko. Nahawu ya yarda da duka biyun. Aya ta 26 ce take raba gardama a ganina, don ta fara da gar, "gama". Dalilin da ya bayar shi ne duniya ta Ubangiji ce da dukan abin da ke cikinta, Zabura 24:1. Da tsoron abin da za ka gano ne ya sa ya hana bincike, ba wannan ayar zai kawo ba. Ya kawo ta ne don ya ce naman na Allah ne ko ta ina ya biyo.

Ladi:
Ke nan ko na sani ma babu komai?

Malam Istifanus:
A kasuwa, eh. Haka na karanta shi.

Baba Ayuba:
Malam, a yi a hankali. Kun ɗauko aya ta 25 kamar ita ce farkon sura. Layi huɗu kafin nan mutumin nan ya ce abin da al'ummai suke yanka wa aljanu suke yanka wa, ba ya so mu yi tarayya da aljanu, ba za mu ci a teburin Ubangiji mu kuma ci a teburin aljanu ba. Manzanni da dattawa sun zauna a Urushalima suka rubuta cewa a guji abin da aka yanka wa gumaka, Ayyukan Manzanni 15:29. Ubangiji da kansa ya tsawata wa ikkilisiya biyu a Ru'ya ta Yohanna 2:14 da 2:20 a kan wannan cin. Yanzu Helenanci zai zo ya share duk wannan? 'Yata Ladi, rashin sani ya fi dare duhu, amma sanin da ke kai mutum ga cin hadayar gunki gara duhun.

Fasto Dauda:
Baba, ayoyin da kuka kawo suna nan daram, ba wanda ya share su. Abin lura shi ne daga sura 8 zuwa 10 Bulus yana maganar wurare uku ne dabam dabam. Akwai cikin haikalin gunki. A 8:10 ya ce en eidoleio katakeimenon, mutum a kishingiɗe a gidan gunki yana cin liyafa. Wannan ne ya rufe ƙofarsa ruf a 10:14 zuwa 22. Akwai kasuwa, 10:25. Akwai kuma gidan marar bi da ya gayyace ka, 10:27. Na farko a'a ne, na biyu eh ne, na uku eh ne da sharaɗi. Naman zai iya zama na dabba guda, daga cinya guda ma. Abin da ya bambanta shi ne inda kake da kuma abin da cin naka yake faɗa.

Yohanna:
Bari in ƙara kan na Baba Fasto, don sai an san garin za a gane nauyin abin. Romawa sun rushe Korinti a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyas Kaisar ya sa aka sāke kafa ta a 44 kafin haihuwar Almasihu. Garin da Bulus ya zauna shekara ɗaya da rabi, wajen 50 zuwa 52 bayan haihuwar Almasihu, garin Romawa ne a ƙasar Helenawa. Makellon ɗin nan sau ɗaya tak ya fito a Sabon Alkawari, shi ne macellum na Latin, ginin kasuwar nama da kifi, kuma an tono rubutun dutse a Korinti mai ambaton sa.

Yadda suke hadaya kuwa, abin da ake ƙonawa a bagade kaɗan ne, ƙasusuwan cinya da kitse. Kayan ciki a gasa a ci nan take, firist ya ɗauki rabonsa, masu hadaya su ci nasu, ragowar ta tafi kasuwa. In an yi babban biki nama ya cika kasuwa. Kuma cin abinci a haikali shi ne zaman jama'arsu: haihuwa, aure, taron 'yan sana'a ɗaya. A gefen haikalin Askilifiyos, allahn warkarwa na Helenawa, a Korinti an tono ɗakunan cin abinci uku da gadajen kishingiɗa na dutse. A Masar an sami takardun gayyata na ƙarni na biyu inda mutum ke kiran abokinsa ya zo cin abinci a shimfiɗar gunkin Sarafis, har da rana da sa'a. Wanda ya ce ba zai ƙara shiga irin wannan wuri ba ya yanke kansa daga dangi da abokan ciniki. Shi ya sa masu hali a ikkilisiyar suke ta neman hujja.

Baba Ayuba:
Ɗana, labarin ya yi daɗi, amma ni ya taimaka. In ragowar hadaya ce ke cika kasuwa, ai nan ne ya fi kamata a tambaya.

Yohanna:
Haka Yahudawa suka gani, Baba. A Mishna, tarin dokokin malaman Yahudawa, wadda aka tattara wajen shekara ta 200, akwai hukuncin Rabbi Akiba cewa naman da ake shiga da shi wurin gunki halal ne, wanda ya fito daga can haram ne. Wato sai ka bi tarihin naman. Bulus Bafarisiye ne, ya tashi cikin irin wannan taka tsantsan, ya kuma ce meden, ko kaɗan kada ku bincika. Abin da ya fi ba ni mamaki, malaman Yahudawa na baya sun kafa hujjar yin albarka kafin cin abinci da wannan Zabura 24:1 ɗin. Bulus ma a aya ta 30 kan godiya ya koma.

Mama Rahila:
Ni tawa tambayar kan aya ta 28 ce. Kana gidan mutane, an kawo abinci, sai wani ya ce maka wannan na hadaya ne. Wane ne wannan wanin? Mai gida ne, ko baƙo irinka, ko ɗan'uwa mai bi? Don in mai gida ne, ni dai na san halin mutane, wani gwada ka yake yi ya ga ko bangaskiyar taka ta baki ce.

Malam Istifanus:
Mama, kin taɓo inda Helenanci ya bar mana sawu. Duk sura 8 Bulus eidolothuton yake cewa, "abin da aka yanka wa gunki". Kalmar Yahudawa da Kirista ce, kuma akwai raini a cikinta. Mai bautar Afolo, ɗaya daga allolin Helenawa, ba zai taɓa kiran abin bautarsa eidolon, wato gunki, ba. Sau 9 ta fito a Sabon Alkawari. Amma a 10:28 mai maganar cewa ya yi touto hierothuton estin, "wannan yankan tsarki ne". Wannan ita ce kalmar masu bautar da kansu. Haka take a tsofaffin kwafi, irin su P46 da Sinaitikus da Batikanus. Masu kwafi na baya ne suka mayar da ita eidolothuton da suka saba da ita, shi ya sa fassarorin da suka bi kwafin baya ba sa nuna bambancin.

Yohanna:
Shi ke nan, an gama. Marar bi ne.

Fasto Dauda:
Ba a gama ba, Yohanna, kana saurin rufe littafi. Mai bi da ya taso cikin bautar nan shekara talatin, yana gidan mai gidansa marar bi, da wace kalma zai raɗa maka? Da wadda bakinsa ya saba, wadda kuma ba za ta jawo masa duka ba in an ji. Ka tuna akwai bayi a ikkilisiyar nan, 7:21 ta faɗa. Zai iya zama shi ne ke zuba maka ruwa a hannu. Kuma ka gaya mini, ta yaya cin namanka zai ji wa lamirin marar bi ciwo, shi da yake ci kullum hankali kwance?

Malam Istifanus:
Fasto, a nan zan ɗan bambanta da ku. Bulus ya kira mutumin ton menusanta, daga menuo, wato wanda ya tsegunta, ya fallasa abin da ke ɓoye. Ita ce a Yohanna 11:57, duk wanda ya san inda Yesu yake ya kawo labari, da Ayyukan Manzanni 23:30 kan makircin da aka tona. To ina ganin baƙo ne marar bi mai kirki. A idonsa Kirista wani reshen Yahudawa ne, ya san Yahudawa ba sa cin wannan, sai ya matso ya sanar da kai don kada ka faɗa ciki. In ka yi murmushi ka ci, me ya fahimta? Ko dai Kirista ba su ɗauki abin da suke faɗa da gaske ba, ko kuwa Almasihu ɗaya ne cikin alloli, ana iya haɗa shi da sauran. Ka rikita masa sanin abin da ke daidai. Aya ta 32 ma ta lissafa uku da ba a so a sa su tuntuɓe: Yahudawa, Helenawa, da ikkilisiyar Allah. Helenawa suna ciki.

Fasto Dauda:
Ikkilisiyar Allah ma tana ciki, Malam.

Malam Istifanus:
Tana ciki, ranka ya daɗe. Shi ya sa ban ce taku ba za ta yiwu ba. Tis kawai ya ce, "wani".

Mama Rahila:
To ko wane ne, abu ɗaya ya fito fili, aya ta 29 ta ce ba lamirinka ba, na wancan. Wannan ko ba Helenanci na gane shi.

Ladi:
Mama, nan ɗin ne ma ya ƙara ɗaure mini kai. Ya gama cewa ka bari saboda lamirin wani, sai kuma nan take ya ce don me lamirin wani zai hukunta 'yancina, in na ci da godiya don me za a zage ni. Ai kamar ya rushe abin da ya gina ne.

Yohanna:
Wasu sun ce muryar masu gardama ce ya kwaikwaya, kamar yadda ya ɗauko takensu "dukan abu halal ne" a aya ta 23 ya ba shi amsa.

Malam Istifanus:
An faɗi haka, amma akwai matsala. Jimlar ta fara da hinati gar, "gama don me". Mai kawo suka da "amma" yake farawa, ba da "gama" ba. Kuma in ƙorafi ne, ina amsarsa? Hanya biyu suka fi zauna mini. Ko dai aya ta 28 da farkon 29 tsokaci ne a tsakiya, sai "gama" ta koma kan 27: ku ci abin da aka sa a gabanku, gama don me lamirin wani zai zama alƙalina. Ko kuwa tana bayanin "ba naka ba" ne: na bar naman, amma kada wani ya ɗauka hukuncin da na yanke a zuciyata ya canja, lamirina yana nan yadda yake, hannuna kawai na janye. Ta biyun nake bi. Mutum yana iya fasa yin abu saboda wani ba tare da ya karɓi ra'ayin wanin ba.

Haruna:
Ni fa har yanzu ba a gaya mini mene ne suneidesis ɗin kansa ba. Muryar Allah ce a cikin mutum, ko kuwa?

Malam Istifanus:
Asalinta sun, "tare", da oida, "na sani". Helenawa suna cewa sunoida emauto, na san wani abu game da kaina, ni ne shaidar abin da na aikata. Amma kada mu jingina kan asali kaɗai, yadda ake amfani da kalma shi ne ma'anarta. A bakin mutanen zamanin, yawanci tana nufin zafin da ke tasowa a ciki bayan ka yi abin da ka san ba daidai ba. Baya take dubawa fiye da gaba. Sau 30 ta fito a Sabon Alkawari, 8 daga ciki a surori 8 da 10 na wannan wasiƙa, abin da ya sa masana da yawa suke ganin Korintiyawa ne suka fara jefo ta a wasiƙar da suka aika masa. Tsohon Alkawari da "zuciya" yake wannan aiki, kamar inda zuciyar Dawuda ta buge shi bayan ya yanke shafin rigar Saul, 1 Sama'ila 24:5.

Muryar Allah kuwa, Bulus ba zai yarda ba. A 4:4 ya ce ouden emauto sunoida, ban san wani laifi a kaina ba, sai ya ƙara da cewa wannan bai baratar da shi ba, Ubangiji ne mai tuhumarsa. Kalmar tuhumar nan anakrino ce kuma. Lamiri yana iya zama rarrauna, 8:7. Yana iya ƙazantuwa, Titus 1:15. Yana iya zama kamar an yi masa lalas da ƙarfe mai zafi, 1 Timoti 4:2. Shaida ne, yana ba da shaida gwargwadon abin da ya sani.

Haruna:
In haka ne, mai rarraunan lamiri kuskure yake yi. Me zai hana a koya masa ya ci, a huta?

Fasto Dauda:
Abin da masu "sani" na Korinti suka yi ke nan, kuma Bulus ya yi musu ba'a mai ciwo. A 8:1 ya ce sani yana kumbura mutum, ƙauna ce take ginawa, oikodomei. A 8:10 sai ya sāke ɗauko kalmar: in rarraunan ya gan ka a gidan gunki, ashe lamirinsa ba za a "gina" shi ya ci ba? Wato ga irin ginin da kuka iya. Aya ta gaba ta ce ɗan'uwan yana hallaka. A 8:12 kuma ya ce tuptontes, kuna dūkan lamirinsa. Kalmar dūka ce ta zahiri, irin wadda aka yi wa Sastanisu a gaban kujerar shari'ar Galiyo a wannan gari, Ayyukan Manzanni 18:17. Kuna dūkan marar lafiya.

Dalilin raunin ma an faɗe shi a 8:7. Tsofaffin kwafi suna da sunetheia, sabo, "saboda sabon da suka yi da gunki har yanzu". Mutum ya yarda a kansa Allah ɗaya ne, amma ƙanshin naman nan na komar da shi gaban bagade. Sabon shekaru ba ya fita da hujjar dare ɗaya. In ya ci don ya ga ka ci, a wurinsa sujada ya yi.

Mama Rahila:
Fasto, ka yi mini izini in faɗi wadda ba a so. Wannan rarraunan da aka kwatanta, mutum ne da zai bi ka ya ci ya lalace. Amma masu cewa "kin sa ni tuntuɓe" da na sani, ko an ɗaure su ba za su ci ba. Ba sa cikin haɗarin komai. Ransu ne kawai ya ɓaci don wani bai bi dokarsu ba, sai su ɗauko 8:13 su ɗaure kowa da ita. Wannan ba rauni ba ne, mulki ne.

Baba Ayuba:
Rahila, in da ni kike, ki kira suna.

Mama Rahila:
Haba Baba, wane ni. Ku ai ba ku taɓa cewa ku rarrauna ne ba, cewa kuka yi abin haram ne ga kowa. Wannan gardama ce ta gaskiya, ana iya yin ta da Littafi a buɗe.

Malam Istifanus:
Kalmar tana bayan Mama. Skandalizo a 8:13 sa mutum ya fāɗi ne, proskomma a 8:9 abin da ƙafa ke karo da shi. Ba ɗaya a ciki da ke nufin ɓacin rai. Sai dai kada mu wuce gona da iri, 10:32 da 33 sun fi sura 8 fāɗi, sun haɗa da duk wanda halinka zai iya toshe wa hanyar ceto.

Haruna:
Romawa 14 fa? Ba maganar ɗaya ba ce?

Malam Istifanus:
'Yan'uwan juna ne, amma kowa da gidansa. A Romawa 14 babu gunki ko sau ɗaya, babu kuma suneidesis. Can raunin na bangaskiya ne, ana maganar mai cin ganye kaɗai da mai kiyaye ranaku, kalmar kuwa koinos ce a aya ta 14, abin da shari'ar Yahudawa ke ɗauka marar tsarki. Mai shakka a aya ta 23 diakrinomenos ne, wanda zuciyarsa ta rabu biyu. Mu bar ta sai wani zama, in ba haka ba za mu cakuɗa su.

Baba Ayuba:
Har yanzu ba wanda ya amsa mini Ayyukan Manzanni 15 da Ru'ya ta Yohanna.

Fasto Dauda:
Gaskiyarku Baba. Wasiƙar Urushalima an aika ta ne ga 'yan'uwa na Antakiya da Suriya da Kilikiya, 15:23, kuma Bulus bai ambace ta ba ko sau ɗaya a surori ukun nan, alhali da ita kaɗai ta isa ta kashe maganar. A Ru'ya ta Yohanna kuwa, duka wurare biyun cin yana tafe da fasikanci, a 2:14 an kuma danganta shi da Bal'amu, wato abin da ya faru a Littafin Ƙidaya 25 inda jama'a suka ci suka yi sujada ga allolin Mowab. Bulus ma wannan labarin ya kawo a 10:8. Liyafar bauta ake nufi, kuma a kanta bakinsu ɗaya.

Amma zan ba ku naku. Ikkilisiyar farko ta fi karkata wajenku. Didake, littafin koyarwa na wajen ƙarshen ƙarni na farko, ya sassauta kan sauran abinci amma ya ce a yi nesa ƙwarai da abin da aka yanka wa gumaka. Wajen shekara ta 112 Filini, gwamnan Bitiniya, ya rubuta wa sarki Tarajan cewa kafin ya fara hukunta Kirista naman hadaya ya kusa rasa mai saye. Ke nan Kirista na can ko a kasuwa ba sa saye. A 250, zamanin sarki Desiyus, takardar shaidar da ake ba mutum tana cewa ya yi hadaya ya kuma ɗanɗana naman. Lokacin da loma ɗaya ta zama alamar musun Almasihu, ba wanda zai tsaya yana rarrabe kasuwa da haikali.

Yohanna:
Agustin ma, babban malamin ikkilisiya na dā, da wani ya tambaye shi game da matafiyin da yunwa za ta kashe ya tarar da abinci a gidan gunki ba kowa a wurin, cewa ya yi in ya tabbata na hadaya ne gara ya ƙi, in bai sani ba ya ci.

Ladi:
To ai Agustin ya dawo da ni inda na fara. A wurinsa sani ne ke haramtawa.

Malam Istifanus:
Haka ne, kuma a nan nake ganin ya fi Bulus tsanani. Dubi dalilan da aya ta 28 ta bayar: saboda wanda ya faɗa, da saboda lamiri, sai 29 ta ce lamirin nasa. Dukansu a jikin wancan mutumin suke. Ba a ce saboda yanzu ka sani ba. Abin da maganarsa ta canja shi ne ta mai da cin abinci ya zama shaida a gaban mutane. Matafiyin Agustin ba mai kallonsa. Iyaka dai a gidan gunki yake, wannan kuma wata maganar ce.

Wani abu kuma, kwafin baya sun maimaita Zabura 24:1 a ƙarshen aya ta 28, tsofaffin ba su da ita a nan. In ka ga fassarar da ta kawo ta sau biyu, daga can ta samo.

Baba Ayuba:
Bari in tambaye ka kai tsaye, Malam. Ina tsaye a makellon ɗin naku. Da idona na ga an sauke cinya daga haikali an rataye. Ba wanda ya ce mini uffan, ba wanda ya san ni. In saya?

Malam Istifanus:
Bisa ga aya ta 25 da 26, pan ya ce, duka. Ba abin da ya hana ku. Amma in zuciyarku tana ce muku hadaya ce kuke ci, to 8:7 ta hau kanku, kada ku saya.

Baba Ayuba:
Wato ka mai da ni rarrauna ke nan a fakaice.

Mama Rahila:
Baba, ni ban ce komai ba.

Fasto Dauda:
Ba dole sai rarrauna ne ke bari ba, Baba. Wanda ya ce ba zai ƙara cin nama ba har abada a 8:13 shi ne Bulus, kuma duk sura 9 lissafin hakkokin da ya ajiye ne. "Ku ci" ɗin nan izini ne. A aya ta 27 ma cewa ya yi in kuna so ku je. A 8:8 kuma, in ba mu ci ba ba mu ragu ba, in mun ci ba mu ƙaru ba.

Baba Ayuba:
Wannan na ji. Amma ban sauka daga aya ta 20 ba. In akwai aljanu a bayan hadayar kamar yadda ya faɗa da bakinsa, ina so a nuna mini a Helenancin inda aka ce tarayyar tana tsayawa a ƙofar haikali ba ta bin naman zuwa kasuwa.

Malam Istifanus:
Kalmar koinonos ce a aya ta 18 da 20, da koinonia a 16, da metecho a 17 da 21. Metecho ɗin ta sāke fitowa a aya ta 30, inda ya ce yana ci da godiya. Sai an jera su gefe da gefe, kuma aya ta 19 ce za ta fi ba mu aiki. Ku ba ni zuwa gobe da yamma, Baba.

Baba Ayuba:
Allah ya kai mu. Ka zo da Littafin Firistoci 7 ma, don aya ta 18 kan bagaden Isra'ila take magana, ba zan yarda a tsallake ta ba.